Ƙarƙashin Gada ta Uku

A tsibirin Fukue, inda jirgin fito ke kawo mana jarida,
bara na sayar da kwale-kwalena, gwiwa ta ƙi.
Likita ya ce, "Tetsuzo, ka sallami ruwa."

Chinatsu jikata, ran da za ta koma makaranta,
ta ajiye mini 'yar na'ura a kan tabarma.
Ta ce, "Kaka, akwai teku a cikinta.
Akwai wani mai ƙaho ƙarƙashin gada ta uku,
wata biyu ina jefa masa ƙugiya, ya ƙi fitowa."

Shekara arba'in da ɗaya ina su,
yau yarinya ke nuna mini wurin jefawa.

Daren farko na ɗora tabarau.
Babban yatsana, wanda gishiri ya tsattsage,
sai ya danna maɓalli biyu a tare.
Ɗan yaron cikin allon, da jakarsa a baya,
ya yi ta karo da shinge kamar ɗan maraƙi,
ni da shi muka kwana muna koyon takawa.

Hanyar katako ce shimfiɗe a kan ruwa,
masunta a jere, kowa riƙe da fatsa,
ba mai gaisuwa. Ido ya haɗu da ido, sai faɗa.
Wani ya sako mini kifaye shida, duk ragwaye,
na gaba ya sako kaguwa mai tofa kumfa,
ta kayar da nawa tun kafin in gane me ke faruwa.
Mu a zamaninmu in ka tarar da mutum a gurbinsa,
sigari kake miƙa masa, ka tambayi labarin iska,
ka ja jirginka gaba ba tare da wata hatsaniya ba.

Sannu a hankali na gane dokar wurin:
kada ka kashe, gajiyar da shi kawai,
sannan ka wurga ƙwallo.
Ta motsa sau ɗaya. Ta motsa sau biyu.
Ka riƙe numfashi kamar mai jan taru,
ta buɗe, ya fice yana wutsilniya.

Abin da ya hana ni barci daban ne.
A tekun nan ba a mutuwa, suma ake.
Ka kai su ɗakin jinya, ƙararrawa ta kaɗa,
su tashi garau, har da ƙwarin komawa.
Na tuna Shozaburo ƙanena
da guguwar kaka ta tafi da shi ina kallo.
Takalminsa ɗaya ruwa ya dawo mana da shi.
Na kife na'urar, na je na dafa shayi,
na bar shi a kan tebur har ya huce ban kurɓa ba.

Amma mai ƙahon nan bai san da wa yake yi ba.
Yara na jefawa su ja, su jefa su ja,
ni kuwa na san zama.
Na lura ba ya cin ƙugiya da rana,
sai in hadarin cikin allon ya haɗu, yana yayyafawa.

Dare na goma sha ɗaya, ƙarfe uku,
lokacin da jikina har yau ke tashina ba agogo,
fatsa ta lanƙwashe.
Ya fito, shuɗi, ƙahon nan kamar mashi.
Ya kwantar mini da huɗu, saura kaguwar da na kama.
Kifi na ganinka, mai jar koma,
ni ma ina ganinka, ɗan'uwa.

Ƙwallo ta ƙarshe. Ɗaya. Biyu. Uku.
Shiru.

Na'ura ta ce in raɗa masa suna.
Na rubuta Hamayu, sunan jirgin da na sayar,
harafi shida, minti goma ina lalubawa.

Na ɗauki waya in kira Chinatsu, na ga ƙarfe huɗu, na ajiye.
Can ƙasa a tasha injuna sun fara tari,
na gane na Kumagoro, har yau bai gyara shi ba.
Jar fitilar batir tana ƙyaftawa a tafina,
ni kuwa ina zaune bakin taga,
ina ƙirga su ɗaya bayan ɗaya suna fita ruwa.